Muryar Goggo Balaraba

Shekarata hamsin da ɗaya a Abidjan. A bayan motar shanu na shigo garin nan, ban taɓa zama a aji ba, amma babu lungun unguwar Adjamé da zai ɓatar da ni. An yi rikici sau biyu ina nan ban gudu ba, wuta ta cinye kayana a kasuwa na sake tashi, kwalara ta ɗauke na dama da na hagu ta tsallake ni. Saboda haka idan na ce na ga abu, to na gan shi. Abin da aka yi wa Balaraba kuwa, katanga ɗaya ce tsakanina da shi.

Balaraba yayar Alhaji Zainulabidin ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Alhaji Zainu, kamar yadda muke ce masa, maigida ne a Liberté, cikin Adjamé. 'Yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da Damagaram, idan sun zo jiran kwantenarsu ta fito daga tashar jirgin ruwa, gidansa suke sauka. Wani ya yi mako, wani ya yi wata. Kullum akwai mutum goma sha biyar zuwa ashirin da za a ciyar, ban da iyalin gida. Matarsa Hajiya Zuhura tana da shagon atamfa, da hantsi take fita sai la'asar. Tukunyar gidan kuwa ta Balaraba ce tun da mijinta ya rasu ta dawo hannun ƙanenta: murhu uku a bayan gida, ƙarƙashin rumfar kwano, itace da gawayi, daga safe har magariba.

Allah ya yi mata murya. Daga bakin murhu take kiran baƙi su ɗauki kwanonsu, kowa da sunansa, har mai shagon bakin titi ya san an sauke. Kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Idan an bar famfo yana zuba za ta faɗa, idan Alhaji ya makara sallah za ta faɗa, idan Hajiya ta sayo kifin jiya za ta faɗa a gaban kowa. Baƙi suna ce mata Goggo, suna jin tsoronta, suna kuma suɗe kwano.

Kwana uku bayan babbar sallah ta tashi muryarta a dishe. Ta yi gyaran murya, ta sha ruwan ɗumi, ta buɗe baki za ta kira baƙi, sai abin ya fito kamar ana jan buhu a kan siminti.

Hajiya Zuhura tana ɗaura kallabi ta ce, "Hayaƙin suyar nama ne, Yaya. Raguna huɗu fa kika soya. Ki sha zuma da lemun tsami."

Alhaji Zainu yana zaune a tabarma da baƙinsa, ya ce, "To jama'a, yau rediyon gidan nan batir ya ƙare. Kowa ya huta."

Aka yi dariya. Ita ma Balaraba ta yi, ta nuna shi da muciya.

Mako ya wuce, na biyu ya bi shi. Ta sha zuma, ta tauna citta da kanumfari, ta yi surace da ganyen da wata maƙwabciya 'yar ƙabilar Jula ta kawo mata. Hajiya ta biya farmasi ta sayo mata wata alewa mai sanyi a baki. Muryar ba ta koma ba. Damina ce, kowa yana mura yana warkewa, ita ba ta da majina ba ta da zazzaɓi, murya ce kawai ta ƙi. Da ta ga kiran yana ba ta wahala, sai ta koma buga ludayi a murfin tukunya idan ta sauke. Baƙi suka saba da ƙarar cikin kwana biyu. Famfo ya ci gaba da zuba, babu wanda ya faɗa.

Wata biyu cur, kuma ba don ita aka je asibiti ba. Hajiya Zuhura ce za ta je awon hawan jini a ƙaramin asibitin unguwa, ta ce Yaya ta raka ta ta riƙe mata jaka. Suka shiga, Balaraba ta gaida likita. Likitar mace ce, ta ɗaga kai daga rubutun da take yi ta dube ta. Ta tambaya da Faransanci, Hajiya tana fassarawa.

"Wai tun yaushe muryarki take haka?"

Balaraba ta ce, "Tun layya."

Likitar ta ajiye biro. Ta haska mata baki da fitila, ta tattaɓa wuyanta hagu da dama, ta yi magana mai tsawo. Hajiya ta gutsuro kaɗan daga ciki ta ce, "Ta ce wai murya idan ta wuce mako uku a dishe ba a ce mata mura, sai an leƙa can ƙasa inda fitilarta ba ta kaiwa. Akwai likita na musamman, na kunne da hanci da maƙogwaro, su o-er-el suke ce masa. A babban asibiti, Treichville. Wai a je cikin makon nan."

Likitar ta rubuta takarda ta buga hatimi, ta miƙa wa Balaraba a hannunta, ba Hajiya ba. Ta ɗaga yatsa ta maimaita kalma ɗaya sau biyu. Balaraba ba ta jin Faransanci, amma ta gane da wuri ake nufi.

Bayan la'asar ta kai wa ƙanenta takardar. Ya karanta yana amsa waya, ya juya bayanta, ya mayar mata.

"Ajiye, Yaya. Za a je. Kin san Treichville yini guda ne, layi kamar na hajji. Ga mutanen Kano goma sha ɗaya a gida, kayansu sun maƙale a tasha. Wa zai ba su abinci? A bari su tafi."

Ta ce, "Zainu, ta ce makon nan."

"Su likitoci komai makon nan ne. Kina ci, kina sha, kina aiki. Ina ce ba ya miki ciwo?"

Gaskiya a lokacin ba ya mata ciwo. Ta naɗe takardar a leda, ta ƙulle a bakin zaninta.

Mutanen Kano suka tafi, na Maraɗi suka sauka a washegari.

A majalisar ƙofar gida aka yanke hukuncin ciwon. Wani baƙo ya ce, wannan ai belu ne ya sauko, shi ke toshe murya, a garinsu ba a kai irinsa asibiti. Aka dubi manya. Ni da aka yanke wa belu ina ɗan shekara tara ban ko motsa ba, na ce belu ne, na kuma ce a kira Sha'ibu wanzami, hannunsa ba ya rawa. Na faɗa da ƙarfi yadda na saba faɗin komai. Alhaji Zainu ya ji daɗin maganar, domin aikin Sha'ibu ba ya cin yini, ko tukunyar rana ba za ta makara ba.

Sha'ibu ya zo da safe da zabirarsa. Aka zaunar da Balaraba a kujera 'yar tsugune a tsakar gida, fuskarta tana kallon rana. Hajiya Zuhura ta tsaya a bayanta ta riƙe mata kai. Balaraba ta taɓa ƙullin bakin zaninta, ta dubi ƙanenta. Yana tsaye a ƙofar ɗaki yana sakace.

Sha'ibu ya ce, "Buɗe, Goggo. Ke da kika haihu biyar, wannan me ne ne."

Ta buɗe. Ya danne harshen da wani ɗan itace mai faɗi, ya zura ƙaramar aska mai lanƙwasa. Ta ji ƙarfe ya taɓa can ciki, ta ji zafi ya tsaga har kunne, sai ɗanɗanon jini ya cika mata baki. Ta sunkuya a kan kasko mai toka tana tofarwa. Sha'ibu ya ɗaga ɗan guntun naman a tsinin aska yana zagayawa da shi.

"Kun ga mugun. Dubi tsawonsa. Da an ƙara wata ɗaya da ya rufe ta gaba ɗaya. A ba ta kunun kanwa mai zafi da yaji. Kwana bakwai za ku gaji da faɗanta."

Alhaji ya ce, "Kai, Sha'ibu, da ka rage mana ko kaɗan."

Aka sake dariya. Kwana biyu ta yi a ɗaki tana haɗiyar kunu da hawaye, Hajiya ta sayo wa baƙi acake, dambun rogon garin nan, da kifi a waje tana mita. Rana ta uku Balaraba ta fito ta hura wuta. Kwana bakwai suka zo suka wuce. Ciwon askar ya warke. Muryar tana nan yadda take, sai ma abin da ya ragu.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Ta tashi, ta yi sallah, ta ɗora ruwa. Hayaƙi ya taru a ƙarƙashin kwano, ta yi tari, ta goge ido da gefen mayafi. Wata na huɗu kunnenta na hagu ya fara sara, alhali babu komai a cikinsa. Hajiya ta ɗiga mata man zaitun, ta toshe da auduga. Wata na biyar nama ya daina wucewa, sannan tuwo. Ta koma dama fura da ruwa-ruwa tana kurɓa a bakin murhu tana juya tuwon mutum ashirin. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta zagaya da rabi. Wata rana ta shafa wuyanta ta ji wani ɗan ƙullutu a gefen hagu, kamar ƙwallon dabino, ba ya ciwo ba ya motsi. Ta ja mayafi ta rufe.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Ta kan tsaya wani lokaci da muciya a hannu tana kallon wuta, har sai ta ji ƙauri.

Sau uku ta ƙara tayar da maganar. Na farko ana shirin bikin Ni'ima, 'yar Alhaji ta fari. Ta same shi shi kaɗai a zaure, ta matso kusa da kunnensa, domin yanzu raɗa ce kawai ta rage mata.

"Zainu, takardar nan."

Ya ce, "Haba Yaya. Saura mako uku biki. Ke ce uwar amarya. Idan suka ce sun riƙe ki fa? Mutane za su zo tun daga Damagaram su ci me? Ki bari a sallami biki, ni da kaina zan saka ki a mota."

Ta dafa abincin biki, kwana huɗu, tukwane bakwai. Mata suna ta yabon miyar, suna cewa Goggo ta zama mai kunya yanzu, ko gaisuwa da kai take amsawa.

Na biyu, bayan biki, Hajiya ta ce za ta Lome saro kaya, gida ba zai zauna babu mace ba, a bari ta dawo. Na uku Alhaji ya ce wani malami ya duba ya ga bakin mutane ne ya kama ta saboda yabon girki, ya kawo rubutu a gora. Ta sha rubutun. Yana wucewa da ƙyar.

Idan maƙwabta suka tambaya, Hajiya Zuhura tana da amsa a shirye. "Yaya ce ba ta son asibiti. Kun san mutanen da. Mun yi mun yi." Tana faɗa Balaraba tana zaune taku biyar daga wurin tana gyaran shinkafa. Kafin ta tara numfashin da za ta musa, an wuce zuwa wata hirar.

Azumi ya kama, wata tara ke nan da layya. Aikin ya ninka: kunu, ƙosai, abincin buɗa-baki, na sahur. A nan ne numfashinta ya fara fito. Idan ta ja iska sai a ji wani siririn sauti kamar buta ta kusa tafasa.

Wadda ta fara ji Hasana ce, mai sayar da acake a ƙofar gidan, sa'ar Balaraba kuma abokiyar tsokanarta. 'Yar Maraɗi ce amma a Treichville aka haife ta, tana jin Faransanci da Julanci kamar ruwa, kuma bakinta babu linzami. Ranar huɗu ga azumi da hantsi ta shigo aron rariya, ta tarar da Balaraba ta dafa bango tana jan iska.

"Ke Ta-Laraba, usur kika haɗiye? Ko ke ce sabon ɗan sandan shataletalen Indénié?"

Balaraba ta yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe ta. Abin da ta tofar akwai zaren jini. Hasana ta daina wasa. Ta yaye mayafin, ta ga ƙullutun. Balaraba ta kwance bakin zaninta ta miƙa mata ledar. Takardar ta yi laushi, ta karye a wurin ninki, tana warin hayaƙi. Hasana ta karanta kwanan watan, ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa.

"Ɗauko hijabinki."

Hajiya Zuhura ta fito daga ɗaki da jakar kasuwa a kafaɗa. "Ina kuma za ku, Hasana? Ko geron kunu ba a kai markaɗe ba."

Hasana ta ce, "Treichville."

"Yau? Cikin azumi? Alhaji bai sani ba fa. Kuma wa zai yi buɗa-baki?"

"Hajiya, hannu biyu na gani a jikinki, ko na ado ne? Ki cire zobban ki gwada, ba sa cizo, tukwanen."

Suka fita. Balaraba ba ta waiwaya ba, ba kuma don ƙarfin hali ba, juya wuyan ne ke mata wuya. A Liberté suka samu woro-woro, tasin haɗaka, suka matsu su huɗu a baya. Motar ta tsaya cak a cunkoson Indénié kusan rabin awa, hayaƙin motoci yana shigowa ta taga, fasinjan gefe yana ta waigen inda fiton ke fitowa. Da suka hau gada Balaraba ta ga ruwa shimfiɗe hagu da dama. Ta tuna rabonta da tsallake shi tun wata Juma'a da mijinta ya kai ta babban masallacin Treichville. Tafiyar da aka ce yini guda ce, ko awa ɗaya da rabi ba su yi ba.

Ba su bi layi ba. Wata ma'aikaciya ta ji numfashin tun daga benci, ta ce "Yako, Mama," wato sannu, ta kama hannunta ta shigar da ita. Likitan dattijo ne mai furfura a gemu. Ya fesa mata wani abu a hanci, ya zura wata siririyar igiya mai fitila a kai, ta bi ta hancin ta gangara. Balaraba ta ga cikin maƙogwaronta a allon talabijin, ja, yana motsi, da wani farin abu kamar dunƙulen kindirmo ya cike gefe ɗaya. Ta kalle shi kamar na wani ne.

Likita ya karɓi tsohuwar takardar ya duba. Ya tambayi wa ya yanke belun. Hasana ta faɗa masa. Ya rubuta. Ya ce ba za ta koma gida ba, hanyar iskar ta yi ƙunci. Suka ɗebi ɗan nama daga wurin suka kai awo, suka ɗauki hoton wuyan. Kwana goma tana kwance a gado mai farin zani, karo na farko a shekara goma sha biyu da wani ya kawo mata abinci.

Ranar da sakamako ya fito likita ya ce a kira maigidan. Alhaji Zainu ya zo da babbar riga, Hajiya tana biye, Hasana tana bakin gado. Alhaji yana jin Faransanci, shi aka yi wa bayani. Hasana ce ta sunkuya tana mayar wa Balaraba da Hausa, a hankali, ba ta rage komai ba.

"Ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, a daidai inda murya take. Ya ce da a lokacin takardar nan aka zo, yana jin da gashi na na'ura ko ɗan ƙaramin aiki ya isa, ki tashi da muryarki. Yanzu ya ci wurin, ya taɓa ƙullutun wuya. Sai an cire maƙogwaron gaba ɗaya. Za ki rayu in Allah ya so. Za a bar miki ƙofa a nan ƙasan wuya, ta nan za ki riƙa numfashi." Hasana ta kama hannunta. "Ya ce muryar ba za ta dawo ba."

Likita ya ɗaga takardar ya nuna wa Alhaji kwanan watan. Ya tambaye shi wata bakwai ina aka tsaya. Ya lissafa masa da yatsu: murya ta dishe fiye da mako uku, kunne ɗaya yana ciwo ba dalili, abinci ba ya wucewa, ƙullutu a wuya. Ya ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kawo mutum, ita ta tara duka huɗu a gabansu.

Alhaji Zainu ya buɗe hannuwa. Ya amsa da Faransanci, sannan ya juyo ya maimaita da Hausa don matan su shaida.

"Wallahi likita, ita ce ba ta faɗa ba. Yaya akwai zurfin ciki. Da ta ce mana ya yi tsanani, mota tana ƙofar gida."

Hajiya ta ce, "Ƙwarai. Ko jiya na ce da Alhaji, Yaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce wayyo ba."

Hasana ta miƙe, Balaraba ta riƙo gefen zaninta. Hasana ta koma ta zauna. Alhaji ya sa hannu a takardar aiki, aka ce ranar Alhamis da safe.

Ranar Laraba likita ya biyo zagaye. Ya tsaya a bakin gadonta ya fi yadda ya saba, ya ce wa Hasana ta gaya mata: idan tana da abin da take so ta faɗa wa wani, yau ce ranar. Ya tambaya ko ta iya rubutu. Hasana ta ce ko alif.

Balaraba ta yini tana tattali. Aka kawo magani ta amsa da kai. Hasana ta tsokane ta, ta yi murmushi kawai. Ta san raɗar da ta rage mata ba ta wuce 'yan kalmomi ba, kowace ɗaya sai ta tara iska kafin ta fito. Ta jera su a zuciya ta sake jerawa. Ba zagi ba ne, ba kuma Allah ya isa ba. So take ta ce wa Zainu, shi da ta goya a bayanta har ya yi wayo, cewa ta faɗa. Sau huɗu ta faɗa. Tana so ya amsa mata da bakinsa cewa ya ji. Iyakar abin da take so ke nan.

Suka zo bayan la'asar, da ledar lemu da ayaba da ba za ta iya haɗiyewa ba. Alhaji ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Yaya, ya jiki? Gobe in sha Allahu komai ya wuce. An sa a yi miki addu'a a masallaci." Ta ɗaga hannu ta yafito shi. Ya tako ɗaya, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ce, "Mutanen tasha ne, kwantenar Alhaji Rabilu. Minti ɗaya." Ya fita baranda. Tana hango bayansa ta gilashi, yana kai da komo yana sara iska da hannu.

Hajiya Zuhura ta jawo kujera ta zauna dab da ita. Ta yi baƙi, akwai ƙuna a yatsanta.

"Yaya, Allah ya ba ki lafiya. Wallahi gidan nan ba ke ba gida. Don Allah kafin in manta, kunun buɗa-bakin nan, gero tiya nawa kike jiƙawa? Kullum ko ya kasa ko ya yi tsururu. Jiya har baƙi suka yi magana."

Hasana ta ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah."

"To wa zan tambaya? Gobe fa shi ke nan."

Balaraba ta dubi gilashin. Yana can yana waya. Ta dubi Hajiya, wadda ta kawo kunnenta har bakinta tana jira. Ta ja iska, fiton ya cika ɗakin.

"Uku da rabi." Ta huta. Ta sake ja. "A jiƙa tun asuba."

Tari ya taso ya riƙe ta. Ma'aikaciya ta shigo ta sa mata abin shaƙar iska a fuska, ta ce baƙi su fita, lokaci ya yi. Alhaji ya leƙo daga ƙofa, wayar tana kunnensa, ya ɗaga mata hannu. Ya ce su yi sauri kada buɗa-baki ya same su a gada.

Da safe aka yi aikin, aka kuma yi nasara. Maganar da Balaraba ta yi ta ƙarshe a duniya ke nan: uku da rabi, a jiƙa tun asuba.

Ta dawo Liberté bayan ƙaramar sallah da farin ƙyalle a ƙasan wuya. Likita ya ce ko kusa da hayaƙi kada ta je, kuma an kiyaye: an matsar mata da kujera can bakin famfo, a nan take yankan albasa da gyaran shinkafa da wanke kwanon mutum ashirin. Hasana ce ke raka ta sauran magani. Sha'ibu yana nan yana yawo da zabirarsa. Alhaji Zainu ya kan ba da labari a majalisa yadda ya tsaya tsayin daka a kan yayarsa, har manyan likitoci suka yaba masa.

Babu wanda ya doke ta a gidan nan, babu wanda ya zage ta. Ban taɓa jin an hana ta abinci ko sutura ba. Abin da aka yi kawai shi ne an auna maƙogwaronta da tukunyar rana, aka ga tukunya ta fi gaggawa, aka yi ta aunawa haka har wata tara. Ni da nake cika baki cewa babu abin da ya taɓa kayar da ni, da bakina aka kira wanzami, kuma har yau ban iya shiga gidan na dube ta ido cikin ido ba. Daga zaure nake tsayawa.

Daga nan nake ganin sababbin baƙi idan sun sauka. Sukan ƙarasa bakin famfo su rusuna su ce, "Goggo, ya jiki?" Ta kan ajiye wuƙa, ta goge hannu a zani, ta ɗago kai. Kafin hannun nata ya kai ga yin wata alama, Alhaji ya amsa daga tabarma.

"Ta warke sarai. Ba ta da wata damuwa."